Yadda Za Ka Motsa Jiki Daidai da Ƙarfin Zuciya, Jini da Numfashinka

Yawancin waɗanda suka fara gudu suka yanke bayan minti 3 suna haki, huhunsu suke ɗora wa laifi. Alhali a jikin mai lafiya huhu ba kasafai yake gazawa ba: jini yana barinsa ɗauke da kusan kashi 97 cikin 100 na iskar oksijin da zai iya ɗauka, ko mutum na zaune ko yana tsaka da gudu. Inda gizo ke saƙar shi ne kai wannan iska ga tsoka, wato yawan jinin da zuciya ke iya turawa a minti guda, da yawan oksijin da jinin ke iya riƙewa, da kuma abin da tsokar za ta iya zuƙa daga ciki. Waɗannan ukun ake horarwa idan ana motsa jiki, kuma za ka iya bin diddiginsu da yatsu biyu, agogo da sikeli.

Lissafin da jiki ke yi

Ƙarfin da tsoka ke ajiye da shi na nan take bai wuce na daƙiƙa 10 na gudu mai tsanani ba. Bayan shi tana iya fasa suga ba tare da oksijin ba, amma wannan hanya minti 1 zuwa 2 kawai take iya riƙe aiki mai tsanani. Duk abin da ya zarce haka, tafiya ce ko sassarfa, tuƙa keke ko iyo, sai an ƙona suga da kitse da oksijin. Baligin da ke zaune yana cin kamar mililita 250 na oksijin a minti. Matashi lafiyayye da ya saki gudu zai iya kai lita 3, ninki 12 ke nan. Ta ina jiki ke samo wannan ninki?

Kashi na farko daga zuciya yake. Jinin baligi kamar lita 5 ne, kuma a zaune zuciya tana zagaya da shi gaba ɗaya a minti guda: bugu 70, kowane bugu mililita 70. Da an fara aiki sai bugun ya hau, ya kai 180 ko 190 a jikin matashi, abin da take turawa a kowane bugu kuma ya ƙaru zuwa mililita 100 ko 120. Ka ga lita 5 ta zama lita 18 zuwa 23 a minti. Manyan 'yan tseren dogon zango suna kai lita 35, ba don zuciyarsu ta fi ta kowa saurin bugu ba, sai don ta fi cika ta kuma fi matsawa.

Kashi na biyu daga rabo ne. A zaune tsokoki kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na jinin suke samu. A aiki mai tsanani jijiyoyin da ke kai jini hanji, hanta da ƙoda suna tsukewa, na tsokar da ke aiki su buɗe, har rabonta ya haura kashi 80. Ƙwaƙwalwa dai ba a taɓa mata nata. A cikin tsokar kuma siraran jijiyoyin da ke ratsa ta suna ƙara karɓar jini, kuma binciken yadda wannan ke faruwa ne ya sa masanin ƙasar Danmak August Krogh ya sami kyautar Nobel a 1920.

Na uku shi ne zuƙa. Oksijin yana tafiya ne maƙale da sinadarin himogilobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace lita ta jini tana ɗauke da kamar mililita 200 na oksijin, amma a zaune jiki 50 kawai yake cirewa, sauran 150 su koma zuciya yadda suka fito. Tsokar da ke aiki tana yin zafi, tana tara iskar kabon dayoksaid, jininta yana ƙara tsami, kuma waɗannan ukun duka suna sa himogilobin ya sassauta riƙo ya saki oksijin. Wani masanin Danmak, Christian Bohr, shi ne ya bayyana tasirin kabon dayoksaid a kan wannan riƙo a 1904. Sai abin da ake cirewa ya tashi daga 50 zuwa 150 ko fiye. Lissafa da kanka: lita 5 sau 50 ya ba da 250, lita 20 sau 150 ya ba da 3,000.

Numfashi yana bin wannan aiki ne a baya yana share masa hanya. Daga shaƙa 12 zuwa 20 a minti, kowace ta rabin lita, yakan kai shaƙa 40 zuwa 50, iskar da ke shiga da fita ta tashi daga lita 6 ta haura 100 a minti. Abin da ke matsa maka ka yi haki galibi ba ƙarancin oksijin ba ne, buƙatar fitar da kabon dayoksaid ce.

Fara da sanin bugun zuciyarka

Da safe, kafin ka sauko daga gado, ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu ta ciki, a gefen babban yatsa, cikin ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da igiyar jijiya. Kar ka auna da babban yatsa, domin yana da nasa bugun da zai rikita maka ƙidaya. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Yi haka kwana 3 a jere ka ɗauki matsakaicin. Tsakanin 60 da 100 shi ne na yawancin baligai, wanda ya daɗe yana atisaye kuma yakan sauka zuwa 50 ko ƙasa. In za ka auna a wuya, taɓa gefe ɗaya a hankali; danna wurin da ƙarfi yana sa zuciya ta rage gudu har jiri ya ɗebi mutum.

Sai ƙiyasin ƙololuwar bugu: cire shekarunka daga 220. Ɗan shekara 40 zai sami 180. Matsakaicin aiki shi ne kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na wannan, wato bugu 90 zuwa 126; aiki mai ƙarfi kashi 70 zuwa 85, wato 126 zuwa 153. A tsakiyar atisaye ba a ƙirga minti cikakke, domin bugun yana sauka tun kana ƙirgawa. Tsaya, ƙirga na daƙiƙa 15 nan take, ka ninka 4. Ga ɗan shekara 40, bugu 23 zuwa 31 a daƙiƙa 15 matsakaici ne, 32 zuwa 38 mai ƙarfi.

Wannan lissafi ƙiyasi ne, yakan kauce da bugu 10 zuwa 12 sama ko ƙasa, kuma ba ya aiki sam ga mai shan magungunan da ke rage bugun zuciya irin su atenolol da propranolol. Shi ya sa muka fi amincewa da gwajin magana. In kana iya hira da cikakkun jimloli amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana matsakaicin aiki. In kalma 3 ko 4 kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi. Gwajin yana da tushe: idan aiki ya kai inda tsoka ke samar da laktet (sinadarin da ke fitowa daga fasa suga ba tare da oksijin ba) da tsami fiye da yadda jiki ke kwashewa, jini yana kashe tsamin ta hanyar da ke haifar da ƙarin kabon dayoksaid, sai numfashi ya yi tsalle ya wuce yadda gudun ya ƙaru. Daidai wurin nan magana ke tsinkewa. Mai farawa ya yi mafi yawan atisayensa a ƙasa da wannan iyaka.

Minti 10 na farko

Kar ka fita da ƙarfi. Jiki yana ɗaukar minti 2 zuwa 3 kafin oksijin da yake kaiwa ya yi daidai da abin da tsoka ke nema, kuma a wannan tsakani bashi take ci ta hanyar fasa suga. In ka fara da gudu mai tsanani bashin zai yi yawa, ƙafafu su yi nauyi, haki ya sha kanka tun ba a je ko'ina ba. Yi tafiyar minti 3, ka ƙara sauri na minti 3, sannan sassarfa mai sauƙi har ka ji jiki ya ɗau ɗumi, gumi ya fara tsatsowa a goshi.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. Tsokar zuciya ita kanta tana zuƙe kashi 70 zuwa 75 na oksijin da ke cikin jinin da ke ciyar da ita tun mutum na zaune, don haka ba ta da rarar da za ta ƙara zuƙa. Hanya ɗaya ta rage mata: jijiyoyinta su buɗe, jinin ya ninka sau 4 ko 5. Kuma yawancin wannan jini yana shigar ta ne a ɗan lokacin da take saki tsakanin bugu da bugu, lokacin da ke gajarta yayin da bugun ke hawa. Wanda kitse ya fara tsuke masa waɗannan jijiyoyi, tashi da gudu farat ɗaya shi ne abin da ya fi jefa shi cikin haɗari.

Yadda ake numfashi

Zurfi ya fi sauri amfani. A kowace shaƙa kamar mililita 150 na iska a hanci, maƙogwaro da bututan huhu take tsayawa, ba ta isa ƙananan jakunkunan da jini ke karɓar oksijin. Mai shaƙa 30 a minti, kowace mililita 300, ya ja lita 9, amma lita 4 da rabi ce ta isa wurin. Mai shaƙa 15 na mililita 600 shi ma lita 9 ya ja, amma kusan lita 7 ta isa. Wahala ɗaya, riba daban.

Ka koyi abin a kwance. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Shaƙa ta yadda hannun cibiya zai fara tashi kafin na ƙirji. Alamar cewa faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki ta sauka ta buɗe ƙasan huhu ke nan. Kafaɗu su zauna, kar su riƙa hawa zuwa kunnuwa. A sassarfa ka haɗa shi da taku: shaƙa a taku 3, fitar a taku 3, in gudu ya ƙaru, 2 da 2. Hanci yana ɗumama iska ya jiƙa ta ya tace ƙura, don haka yana da kyau a tafiya da aiki mai sauƙi. Amma da zarar aiki ya yi ƙarfi hanci kaɗai ba zai wadatar ba, buɗe bakinka, babu aibi a ciki. In suka ta kama ka a ƙarƙashin haƙarƙari, rage gudu, danna wurin da yatsu, ka riƙa fitar da numfashi mai tsawo. Barin awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci mai nauyi da gudu yana rage ta.

Masu ɗaga ƙarfe su kula da wannan musamman. Riƙe numfashi da yunƙuri yana cika ƙirji da matsi, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, awon jini ya yi sama farat ɗaya. An auna ya haura 300 a jikin masu ɗaga nauyi mai tsanani. Da an saki kuma sai ya faɗo, idanu su yi duhu. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa, shaƙa lokacin saukewa. Ga mai hawan jini ko ciwon zuciya wannan doka ce, ba shawara ba.

Kar ka tsaya cak

Kusan kashi biyu cikin uku na jinin jiki a jijiyoyin da ke komawa zuciya yake, kuma na ƙafa sama yake hawa. Abin da ke ɗaga shi shi ne matsar tsokar sha raɓa da cinya: duk taku tana matse jijiyar kamar ana tatsa, wasu 'yan marufai na ciki kuma su hana jinin gangarowa. In ka gama gudu ka tsaya ƙiƙam, jijiyoyin ƙafa suna nan a buɗe amma matsar ta tsaya, sai jini ya taru a ƙasa, wanda ke isa kai ya ragu. Jiri da suman bayan tsere daga nan suke yawan fitowa. Ci gaba da tafiya minti 5 zuwa 10 har numfashi ya daidaita. In jiri ya zo, kwanta rigingine ka ɗora ƙafafu a kan wani abu. Wanka da ruwa mai zafi sosai nan take yana ƙara buɗe jijiyoyin fata, a ɗan jinkirta shi.

A nan ne kuma za ka yi awo mai amfani: bugu a daidai lokacin da ka gama, da bugu bayan minti 1. Zuciya mai horo takan sauke 20 ko fiye. In kullum abin da ke sauka bai wuce 12 ba bayan aiki mai ƙarfi, ka gaya wa likita.

Zafi da ruwa

Kashi 75 zuwa 80 na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, kuma jini ne ke kwashe shi zuwa fata. Ke nan a rana mai zafi fata da tsoka suna rububin jini ɗaya. Gumi kuma daga ruwan jiki yake fita, har da ruwan jini, rabin lita zuwa lita 2 a awa. Yayin da ruwan ke raguwa zuciya ba ta cika sosai, sai ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Shi ya sa za ka ga gudunka bai canza ba amma bugun ya hau da 10 ko 15 bayan rabin awa. In ka ga haka, bugun za ka bi, ka rage gudu.

Hau sikeli kafin atisaye da bayansa, ba tare da jiƙaƙƙun kaya ba. Kowane kilo 1 da ya ragu kamar lita 1 ce ta ruwa. Asarar da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, tana rage ƙwazo a fili. A atisayen da ya wuce awa ɗaya, mililita 400 zuwa 800 a awa, kurɓi kurɓi, yana isar yawancin mutane; bayan an gama a mayar da lita 1.25 zuwa 1.5 kan kowane kilo, cikin 'yan awanni. Ɗirka wa ciki ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne: yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai da ruɗewa. Wanda nauyinsa ya ƙaru bayan dogon gudu ya sha fiye da buƙata. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, a rage tsanani a waɗannan kwanaki.

Abin da horo ke canzawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba baligi shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin aiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10 zuwa 15 a rana, ya riƙa ƙara kaɗan duk mako, tsawon lokaci tukuna, sauri daga baya. Sannu ba ta hana zuwa. Ruwan jini ne ke fara ƙaruwa, cikin mako 1 zuwa 2. Daga baya siraran jijiyoyi su yawaita a tsoka, zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda. Cikin wata 2 zuwa 3 ƙololuwar oksijin da mai farawa ke iya amfani da shi takan ƙaru da kashi 15 zuwa 20. Shaidar da za ka gani ita ce bugun safe ya sauka, kuma tazarar da kake yi da bugu 150 yanzu kana yin ta da 135. In aka daina, ribar tana fara zubewa cikin mako 2 zuwa 4. Tsamin jikin da ke zuwa washegari ko bayan kwana 2 kuwa ba laktet ba ne, domin shi yakan kau cikin kamar awa ɗaya. 'Yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka, kuma suna warkewa da kansu.

Inda abin ke ɓaci

Mai atisaye a kai a kai da har yanzu ɗan hawa ke sa shi haki, zuciya na dukan uku uku, ya fara da gwajin jini. Giram 1 na himogilobin mililita 1.34 na oksijin yake ɗauka. Mai giram 15 a kowace mililita 100 ta jini yana ɗauke da mililita 20 na oksijin, mai giram 10 kuma 13 da ɗoriya: kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma zuciya ce za ta biya da ƙarin bugu. Himogilobin ƙasa da giram 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da juna biyu, ƙarancin jini ne. Ƙarancin sinadarin ayon ya fi kawo shi, musamman ga mata masu zubar jini da yawa a al'ada, amma a gano dalili kafin a kama shan ƙwaya. Taba ma ta nan take cuta: iskar kabon monoksaid ta hayaƙinta tana kama himogilobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 da ɗoriya, ta hana shi wurin zama.

Tari, shaƙewar ƙirji da numfashi mai fito da ke tsananta minti 5 zuwa 15 bayan an gama, musamman a iska mai sanyi, bushewa ko ƙura, alamar tsukewar bututan huhu ce, kuma a nan kam laifin na hanyar iska ne. Ɗumama jiki a hankali yana rage ta, mai asma kuma ya shaƙi maganin da likita ya rubuta masa, irin salbutamol, kamar minti 15 kafin farawa, ya kuma riƙe shi a aljihu. Mai sikila ya tsara atisayensa da likitansa. Ko wanda ke ɗauke da rabin gadonta ya guji kai kansa maƙura cikin zafi da ƙishirwa. Wanda awon jininsa a zaune ya kai 180/110 ya fara daidaita shi. Mai zazzaɓi ya huta har ya warke, domin wasu ƙwayoyin cuta suna taɓa tsokar zuciya.

Tsaya nan take, ka nemi asibiti, in ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo mai tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya. Haki da ya fi ƙarfin aikin da kake yi. Bugu mai tsalle ko rikicewa. Ko suma a tsakiyar gudu, wadda ta fi ta bayan tsayawa haɗari nesa ba kusa ba. Wanda jikinsa ya yi zafi rau cikin atisaye, ya fara tangaɗi ko sambatu, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a tsoma shi ko a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin a ɗauke shi. In kuwa mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko sai ɗan gurnani jefi jefi, a sa wani ya kira agajin gaggawa, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace danna. In akwai na'urar farfaɗo da bugun zuciya a wurin, a kunna ta a bi umarninta, kuma kar a daina dannawa sai masu agaji sun karɓa ko mutumin ya fara numfashi da kansa.